Rasuwar Tiyamike a Hawan Gidan Mahaifiyata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da kumburi, ni Wyson Chimbalanga na unguwar Kawale a Lilongwe nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar motata, Tiyamike, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar, makonni uku da suka wuce, da hantsi, a kan hawan ƙauyenmu da ke ƙasar Dedza. Ta rasu tana da shekara ashirin da shida: goma sha biyar a Japan, ƙasar haihuwarta, goma sha ɗaya a hannuna.

Marigayiyar otomatik ce, ba ta taɓa ɗora wa kowa wahalar canja giya ba. Da kanta take canja abinta, a lokacin da ta ga dama. Kullum in na murɗa makulli, wata muryar mace takan fito daga ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da Japananci cikin ladabi. Har yau ba mu san me take cewa ba, amma matata Esnart ta koya wa yara su riƙa amsawa da “Lafiya lau.” Daga nan inji ya ce “kir-kir-kir, hmmm,” kamar dattijon da ke shirin tashi daga tabarma.

Ta kasance mai haƙuri da kawaici. Ta ɗauki buhunan dankali, ta ɗauki amare huɗu, ta ɗauki akuyar da ta cinye mata rabin kujerar baya, ba ta riƙe ta a zuci ba. Ba ta taɓa wuce kowa a hanya don nuna isa ba. Masu keken gawayi ma sukan wuce ta, su ɗaga mata hannu.

Aibinta ɗaya ne, kuma ba don cin naman mamaci nake faɗa ba: ba ta iya hawa. Mahaifiyata, Nangozo, a can ƙolin tudu take zaune. Duk zuwan da muka yi, da mun kai itacen ɓauren da ke tsakiyar hawan sai Tiyamike ta ce “uuuuu, tik,” ta tsaya. In sa mata dutse a bayan taya, in ɗora sukari da sabulu a ka, in ƙarasa a ƙafa. Amayi, kamar yadda muke kiran tsohuwa, ba ta taɓa ganin motar ba sai daga nesa, ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin ɓaure. In ta ce wa maƙwabta ɗanta na da mota, sai su ce sun ji. Tun da gaban gawa muke, bari in faɗi gaskiya: tafiyar ƙafar nan ta sa zuwana ya ja baya, daga kowane wata ya koma Kirsimeti zuwa Kirsimeti. Ina jin kunyar wannan.

A Kirsimetin bara Amayi ta ce, “Wyson, watan shida zan cika tamanin. Ba na son zane, na gaji da sukarinka. So nake in leƙo daga ɗaki in ga motar nan a ƙofata, in shiga in zauna a gaba.” Na yi mata alkawari a gaban mutane.

Daga nan ciwon ajali ya fara. Na kai marigayiyar wurin bakanikenta, Bizwick, na ce a ƙara mata ƙarfin ja. Ya sa mata matatar iska mai girman bokiti. Ya cire salansarta ta gado ya ɗaura wata mai faɗin da kyanwa za ta iya kwana a ciki. Sannan ya dasa mata turbo, wani ƙarfe mai kamar dodon koɗi da ke hura wa inji iska, wanda ya ciro daga gawar wata a-kori-kura. Yana goge hannu ya ce, “Yayana, inji ya koma saurayi, amma giyabos tana nan tsohuwarta. A sa mata abin sanyaya mai, in ba haka ba saurayin nan zai karya ta.” Na tambaye shi ko abin yana fitar da ƙara. Ya ce a’a. Ko yana ƙyalli? Ya ce a ƙarƙashi yake, ba mai ganinsa. Sai na bar shi, na sayi sitikar harshen wuta na manna a ƙofofi biyu.

Muryarta ta canja. Mai cewa “hmmm” ta koma “gurrrr, fshhh, tu-tu-tu.” Karnukan Kawale suka daina kwanciya a inuwarta.

Ranar bikin Amayi muka tunkari hawan. Muka iso ɓaure, muka wuce shi, karo na farko a tarihi! Na danna hon, Esnart ta yi guɗa. Ba mu yi taku ɗari ba muka ji “gab! krrrrr.” Inji na ruri kamar zai haɗiye tudun, tayoyi ko motsi. Na leƙa ƙasa na ga jan mai na kwarara. Na kashe, na sake kunnawa, muryar nan ta yi maganarta cikin ladabi kamar kullum, sai na fashe da kuka.

A nan nake neman gafarar jama’ar ƙauyenmu. Kowa ya sani, in mota ta lalace ganye ake jefawa tsibi-tsibi a gefen hanya, in kuwa mutuwa aka yi sai a shimfiɗa rassa su gitta hanyar. Zaman birni ya sa na rikita su. Na gitta rassa sama da ƙasa, na cire hula, na zauna a bakin hanyar gidanmu ina rusa kuka. Wani mai keke ya sauko daga kekensa, ya dubi rassan, ya dubi ɗan Nangozo, ya hango hayaƙin manyan tukwane a gidanta. Bai tambayi komai ba ya juya ya tafi baza labari.

Kafin Esnart ta kai sama da labarin gaskiya, ƙauyuka uku sun cika gidan, matan coci cikin fararen riguna suna kururuwa. Amayi ta fito da sabon ɗankwali ta ce, “Wa ya rasu?” Aka ce, “Ke ce, Kaka.” Ta ce, “To ni ba wanda ya gaya mini.” Da ta ji abin da ya faru, ta dubi mazan ta ce, “Tun da ɗaukar gawa kuka zo, gawar na can ƙasa. Ku kawo mini ita.”

Maza arba’in da igiyoyi uku suka jawo Tiyamike, mata na biye da waƙoƙin jana’iza don su suka shirya. Haka ta iso ƙofar Amayi, abin da turbo ya kasa. Tsohuwa ta shiga gaba ta zauna, ta shafa kujera, ta ce a kira mata maƙwabtan nan masu cewa sun ji.

Marigayiyar ta bar inji mai ƙoshin lafiya wanda ba shi da wurin zuwa, da turbo mai wata guda kacal a jikinta, da safayar tayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar Bizwick, wanda ya aiko da ta’aziyyar kalma biyu: “Na faɗa.” Ta bar ni da tarar kaza ɗaya, wadda mai gari ya ci ni saboda shelar mutuwa ba da izininsa ba.

Game da jana’iza, iyali sun yanke cewa ba za a binne ta ba. Tana kwance a ƙofar Amayi da duwatsu huɗu a tayoyinta. Kowace safiya tsohuwa takan shiga ta murɗa makulli, muryar ta gaishe ta, ta amsa “Lafiya lau,” su zauna tare da rediyo. Batir ba ya wuce mako, don haka duk Asabar nake hawo da wani a ka, a ƙafa, tun daga titi. A zuwana na uku Amayi ta dube ni ina haki ta ce, “Da na san mutuwarta ce za ta riƙa kawo ka wurina, da tuni na sa an kashe ta.”

Za a yi zaman makoki Asabar mai zuwa bayan abincin rana, akwai tuwon masara da ƙananan kifi. Masu mota su ajiye a gindin ɓaure. Don Allah kada kowa ya taɓa ganye. Wanda ya tarar da ni a hawan yana iya riƙe mini sukari, amma batirin ni zan ɗauka da kaina.