Mati da Sandar Tsakiya

A ƙauyen Rafin Ɗinya akwai wani mutum mai suna Mati, wanda idan aka ce ya tsaya, zai tsaya ko da ruwa na dukansa. Gidansa ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai matarsa Sahura, wadda ke cewa ita dai ba ta taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kuma hakan ya ishe ta. Mahaifinta, Malam Barau, bai ga abin isa a ciki ba. An kori Mati daga wurin injin niƙa, an kore shi daga kiwo, don haka tsohon ya rantse cewa idan aka sake korarsa daga wani aiki, zai zo ya tafi da 'yarsa.

Nafi'u, ɗan kawun Mati, shi ya sama masa aiki a ofishin ƙungiyar manoman rani. Akwai kwamfuta mai baƙin allo da manhajoji biyu. Ta farko tana tambayar ma'aunin da ke madatsar ruwa, ta rubuta ko ruwa ya isa a sakar wa gonaki. Ta biyu kuwa, duk abin da aka miƙa mata sai ta tura shi wayoyin manoma. Aikin Mati shi ne ya rubuta sunan ta farko, ya sa wata alama mai kama da sanda a tsaye, ya rubuta sunan ta biyu. Sandar ce ke karɓar magana daga bakin wannan ta zuba a kunnen waccan, ba tare da ta bayyana a allo ba. Mati bai yarda da sandar ba tun ranar farko. Ya ce wa Sahura duk abin da ke kai magana a ɓoye, da walakin.

Wata rana Nafi'u zai je kasuwa, ya ja masa kunne kada ya taɓa komai sai madannan da aka nuna masa. Can akuya ta shigo ta fizge wayar wuta daga bango, allo ya mutu. Mati ya dubi wayar a ƙasa, ya ga ba ta cikin abin da aka nuna masa. Ya zauna yana danna madannan a kan mataccen allo har la'asar. Manoma ba su sami saƙo ba, kuma aka fara raɗe-raɗin wai mutanen gabashin ƙauyen ne suka hana a sanar da na yamma.

Wata rana kuma Nafi'u ya gyara manhaja ta biyu, ya ce Mati ya gwada ta, ya rubuta duk abin da ke ransa ya miƙa mata. Mati ya duba ransa da kyau. Sannan ya rubuta cewa Sahura ta fi kowa iya murmushi idan tana tankaɗe. Saƙon ya shiga wayar kowane manomi. Wani mai suna Jatau, wanda shi ma sunan matarsa Sahura, ya iso ofis da fartanya a kafaɗa yana tambayar a ina aka ga matarsa tana tankaɗe. Da ƙyar aka raba. Sahurar Mati ta kwana biyu ba ta fita ɗibar ruwa ba, amma ta hana a goge saƙon. Malam Barau kuwa ya aiko cewa ya fara share ɗakin 'yarsa.

Wata rana, daidai lokacin dashen albasa, tafiya ta kama Nafi'u zuwa birni. Ya nuna wa Mati cewa idan ya cire sandar, maganar ta farko za ta tsaya a allo ya karanta. Ya ce, "Kada ka bari komai ya fita sai abin da ka gani da idonka."

Da safe Mati ya cire sandar, allo ya rubuta cewa madatsa ta cika, a sako ruwa. Ya karanta, ya sake karantawa. Rubutu ya gani, bai ga ruwa ba. Sai ya kulle ofis ya kama hanyar madatsa a ƙafa.

Manoma na tsugune a gona, hannu a kan irin albasa, suna jiran saƙo su tumɓuke su dasa. Rana ta take, shiru. Wasu suka ce Mati ya haɗa kai da 'yan wani ƙauye, wasu suka ce Nafi'u ne ya gudu ya bar wawa ya ɗauki laifi. Malam Barau ya hau babur ya bi sawun Mati, jama'a na biye.

Suka same shi zaune a bakin madatsa yana kallon taɓo. Ruwan ya ja baya sosai. Galan ɗin da ke yawo a kan ruwa yana gaya wa ma'auni tsayinsa ya maƙale a reshen ƙaya, yana lilo a sama, shi ya sa na'ura ke ta cewa a cike take. Da saƙon ya fita, da an tumɓuke irin ƙauyen gaba ɗaya ya bushe a rana. Mati bai ma lura da galan ɗin ba.

Malam Barau ya tambaye shi me yake yi a nan. Mati ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"An ce ta cika, Baba. Ina jira ne in gani."

Tsohon ya daɗe yana kallon taɓon, ya dubi mutanen da suka zo da shirin duka suna ta sosa ƙeya. Sannan ya matsa gaba a kan babur, ya bar wuri a baya.

"Hau mu tafi. Iyalinka na can gidanka tana jiranka."

Mati ya ɗago a hankali, ya dube shi ta gefen ido.

"Ka gan ta da idonka, Baba?"