Ranar da Basit Ya Koro Kakarsa Bakin Titi

"...Lafiya lau, mijin ɗaka. Ba ka gaji da kallon silin ba?"

Hajiya Mulikatu ke nan, kakar Basit, matar da in ta yi raɗa a unguwar Tishigu sai an ji can a Lamashegu. Shekara biyu da moto, wato babur, ya kayar da Basit, daga wuya zuwa ƙafa ba abin da ke motsi. Watan jiya aka kawo masa keken guragu mai batir, da ɗan abu manne a cikin bakinsa ta sama, ya taɓa da harshe keke ya tafi. Ya iya sosai paa, amma a tsakar gida. Waje kam ya ƙi fita, wai unguwa za ta taru kallonsa.

"Tsohuwa, da haƙoranki uku kika zo gaishe ni?"

"Huɗu ne, maƙaryaci! Ga waache, shinkafa da wake, na sayo wurin Safiatu, har da nama. Amma mijin da bai raka ni bakin titi ba, ba ya ci."

"Na sake ki."

"Saki na tara ke nan watan nan. Zo ka karɓa."

Ta ɗaga leda tana ja da baya. Basit, da ke zaune kan keke, ya kunna shi. Ya manta mai tuƙi da harshe ba ya magana. Ita ko ba ta manta ba.

"Ina bakin? Kai kamar doyar da aka ƙi saya a kasuwar Aboabo! Ranar sunanka rago ya gan ka ya ce a yanka shi da wuri!"

Ya buɗe baki zai rama, keke ya kwashe ya ture bokitin wanki.

"Direban banza! Akuyar maƙwabcinku Yidana ta fi ka iya kwana!"

Ya datse baki, ya danna harshe. Keke ya taso mata. Na rantse tsohuwar nan ta yi gudun da ba ta yi ba tun tana budurwa, takalmi ɗaya a zaure, ɗaya a gota.

Sai ga su a bakin titi. Wani mai moto ya ja burki. "Basit! Chale, abokina, kai ne? Sannu da fitowa!"

Basit ya kashe keken. Ya daɗe yana kallon titi.

"Mace tana gudun mijinta gaban jama'a," ya ce. "Na mayar da ke. Buɗe ledar."

Ta goge ido da mayafi, wai hayaƙin moto ne. Ta kai masa loma baki tana dariya.

"Cinye har naman, maigida. Haƙori uku ba ya iya shi."