Rasuwar Ƙamusun Almu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Almu, manomi a wani ƙauye kusa da Daudawa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙamusuna na Turanci da Hausa, malamin da na samu tunda ban taɓa zama a aji ba.

Na ɗauko marigayin a wurin wani mai tallar littattafai a kasuwar Sheme, a lokacin ya riga ya manyanta. Mai haƙuri ne. Nakan tambaye shi kalma, in manta, in dawo, bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ɗan shaf-shaf ɗin shafukansa idan na lashi yatsa ina juyawa. Da shi nake karanta wa mutanen ƙauyenmu rubutun jikin kwalbar magani da buhun taki.

Lokacin da 'yan bindiga suka tashe mu muka gudu Faskari, na sa shi a tukunya na binne a gindin rumbu, yadda matanmu suka binne kwanoninsu. Da muka dawo muka tono, kwanoni sun fito lafiya. Shi kuwa gara ta shige shi ta tsakiya ta mai da shi ƙasa. Har yau ina tambayar kaina, wanda ya ɓoye abu don ya tsira, ɓoyon ya kashe shi, mai ceto ne ko mai kisa?

Ya rasu ya bar bangonsa biyu, da 'yan shafuka na farko, da ni, da maƙwabcina Malam Gide, wanda ya sayo galan ɗin maganin ciyawa ya ajiye a zaurena. A rubutun Turancin da ke jikin galan ɗin na gane inda aka ce a fesa, na gane masara, na gane tsiro. Wata doguwar kalma ce a tsakani ta gagare ni, kuma ita za ta faɗi ko kafin tsiro ake fesawa ko bayansa. Masararsa ta riga ta fito. Mai shagon da ya sayar masa ya ce a fesa kawai, sabis ɗin waya kuma ba ya zuwa mana. In na ce ban sani ba, ciyawa ta ci gonar. In na yi hasashe na kuskure, na ƙone abincin gidansa da bakina. Kowace safiya Malam Gide yakan zo ya zauna kusa da galan ɗin yana kallona.

Matata ta nemi ragowar takardun ta hura wuta, na hana, domin ban san ko gara ta bar wurin da sunan Allah yake ba. Za a binne shi a wuri mai tsabta bayan masallaci, ranar Juma'a bayan la'asar. Masu ta'aziyya kada su kawo goro. Duk wanda ya iya Turanci, daga Kankara yake ko Sabuwa, don Allah ya zo, galan yana zaure. Malam Gide ya ce wayewar Asabar zai fesa, ko an karanta ko ba a karanta ba.