Rasuwar Bushin Motar Dattijo Azariya, Waɗanda Aka Cire da Sauran Ransu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da ɓacin ran da bai huce ba tukuna, Dattijo Azariya Zamani na Madakiya yana sanar da dangi, ikilisiya da dukan direbobin hanyar Kafanchan rasuwar bushin ƙafafun motarsa, tsohuwar Fijo ruwan toka.

Ga wanda bai san marigayan ba, su ne baƙaƙen robobin nan da ke zaune tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙarƙashin mota. Ba su taɓa neman a gode musu ba. In taya ta faɗa rami, su ke lanƙwasawa kaɗan su shanye dukan, kada ya kai ga na ciki. Albarkacinsu ne Mama Afiniki, matar Dattijo, wadda ciwon ƙugu ya raba da hawa babur tuntuni, take zuwa sujada kowace Lahadi ta sauka da ƙafarta. Sun ɗauki citta, sun ɗauki amare, ko ƙwai ba su taɓa fasawa ba.

Dattijo ba zai yi ƙarya a kan matattu ba. Tsufa ya kama su. Motar ta fara rausaya a kwanar Kagoro, in ya juya sitiyari sai ta ɗan yi tunani kafin ta bi. Da safe kuma sukan yi kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ. To wane tsoho ne ba ya kuka da safe? Dattijo ma ya riga ya yi magana da mai yanka bushin daga tsohuwar taya, domin a sauya masu rauni da masu laushi irinsu.

Ba ciwo ne ya kashe su ba. Ɗansa na cikinsa ne, Silvanus. Ranar da Dattijo ya tafi taron dattawan ikilisiya, yaron ya karɓi makulli da sunan zai wanke mota. Ya kai ta gareji, aka fitar da su da guduma da wuta, mai lafiya da marar lafiya, aka cusa wasu jajaye masu tauri kamar ƙaho, irin na motocin tseren da yake kallo a waya. Wai mota za ta riƙe hanya. E, ta riƙe. Yanzu ba ta kwanciya a kwana, sitiyari na jin magana nan take. Amma ko tsakuwa ta taka sai haƙoran mutum sun sani. Lahadin da ta wuce, ba a ma fita unguwa ba Mama Afiniki ta sauka, ta koma gida tana dafa bangon mutane. Zumuntar mata suka yi waƙa babu ita. Wanda ta goya a bayan nan, shi ya yi mata haka.

Marigayan sun bar shokozoba, abokin aikinsu na tare jijjiga, cikin maraici, da tayoyi masu shan wahala, da kujerar baya da ba mai zama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gindin mangwaron bayan gida. Silvanus ne zai haƙa ramin. Daga nan Dattijo zai tuƙa motar zuwa Zangon Kataf ya dawo, Silvanus a kujerar uwarsa cikin fararen kayansa na biki, rungume da tukunyar kunu cike, babu murfi. In kunun ya dawo yadda ya tafi, jajayen su zauna. In ya zube, yaron zai kwanta ƙarƙashin mota ya saka sababbi masu laushi da hannunsa kafin a buga ƙararrawar Lahadi.

Abin da ya rage a tukunyar, shi za a raba wa masu makoki. Masu zuwa ta'aziyya su karya daga gida.