Malalaciya Ta Rasu a Kurudu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, kuma tun ba a gama musun wanda ya jona ta ba, Abdulbasit, mai sayar da katin waya a Wuse, yana sanar da rasuwar tukunyar lantarkin gidansu da ke Kurudu, wadda mahaifiyarsa, Iya, ta raɗa wa suna Malalaciya. Ya ce ƙanwarsa Rukayya ce ta jona. Rukayya ta ce shi ne.

Marigayiya ƴar Amurka ce. A gwanjo ya samo ta, bayan ɓarin jikin Iya ya shanye, likita ya ce daga yau sai abincin mutanen Bahar Rum: wake, kifi, tumatir, tafarnuwa, man zaitun. Ba manja, ba dunƙule, gishiri kuwa sai dai a nuna wa miya daga nesa.

Ba a taɓa ganin ta yi gaggawa ba. Da asuba Abdulbasit yake zuba mata komai, ya rufe, ya bi motar Wuse. Ita kuma ta wuni a kusurwar ɗaki tana "ɓul... ɓul", ba hayaƙi, ba ƙauri. Da azahar Iya ta ɗaga murfi da hannun da ya rage mata, ta ci tana tsaki. Amma tana ci. Hawan jinin ma ya sauka.

Lalurar marigayiya ɗaya ce: ba ta shan wutar ƙasar nan sai ta ƙaramar taransifoma. Ranar Laraba aka jona ta a bango kai tsaye. Ta ce "fat", ta yi shiru. Mai gyara ya duba, ya girgiza kai. A cikinta an tarar da miyar kuka, da daddawa, manja yana yawo a sama. A lokacin Rukayya ta je ɗebo ruwa, Abdulbasit yana Wuse. Babu wanda ya tambayi Iya. Bango take kallo.

Ta rasu ta bar murfin gilashi, da taransifoma, da rabin kwalbar man zaitun, da tsohuwa ɗaya da ba ta iya tsayuwa gaban risho.

Za a miƙa gawar ga baban bola ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gida. Ba zaman makoki. Masu ta'aziyya kada su kawo tuwo. Ranar Lahadi Rukayya za ta koma ɗakinta a Zariya. Litinin da asuba Abdulbasit zai fita.

Wa zai dafa wa Iya na rana?