Teburin Farfesan Katako Ba Ya Rawa

A duk layinmu babu mai ilimi kamar Farfesan Katako. Sauran kafintoci sukan auna katako da tef, shi kuwa kallo ɗaya yake yi masa ya rufe ido. Fensir biyu yake saƙalewa, ɗaya a kowane kunne, don kada wani kunnen ya ji an raina shi. Idan ka kira shi kafinta, sai ya waiga baya ya ga da wa kake.

Mijin ƙanwarsa, malamin makaranta mai kunyar surukai, shi ne ya yi sa'ar samun ɗan teburin falo daga hannunsa. Tebur ne mai sheƙi, har mutum ya ga fuskarsa. Aibinsa ɗaya: ko ƙuda ya sauka a kai sai ya yi rawa.

Malam ya je shago yana sunkuyar da kai. "Yaya, kamar ƙafa ɗaya ta ɗan gaza."

Farfesa ya yi murmushin tausayi. "Malam, teburina bai taɓa gazawa ba. Daɓenka ne karkatacce. Shekara da shekaru kana zaune a kan kuskure, sai da aikina ya shigo ya tona. Godiya ya kamata ka yi."

Malam ya yi godiya, ya kira magini. Aka fasa tayil, aka ɗaga ɓangare ɗaya na falon. Tebur ya koma rawa ta ɗaya gefen. Farfesa ya zo ya duba, ya ce a ƙara siminti. Aka yi ta ƙarawa har falon ya zama gangare. Kujeru suka taru a bakin ƙofa. Kakar yara ta zauna kusa da taga, aka tsince ta kusa da takalma. Yaran gidan suka saba har a titi a karkace suke tafiya.

Ranar da shugaban makarantar su Malam ya kawo ziyara, Farfesa ya iso ba gayyata, cikin babbar riga, don ya yi wa baƙo bayani.

"Ranka ya daɗe, abin da kake gani ba tebur ba ne, ma'auni ne. Da za a ba ni dama, da na gyara daɓen duniya gaba ɗaya. Dubi ƙarfinsa."

Ya ɗare kai ya zauna. Tebur ya ɗauki Farfesa, suka gangara tare, suka wuce baƙo, suka daki dokin ƙofa. Ƙafafu huɗun suka watse, kowace ta kama gabanta. Saman teburin ya kwanta shame-shame a ƙasa, Farfesa a kai, rigarsa ta rufe masa fuska.

Ƙanwarsa ta shigo da tire. Ta taɓa katakon da ƙafa, ta ga bai motsa ba, ta ɗora kofin baƙo a gefe.

"Yaya, ɗan matsa," in ji ta. "Yau dai za mu iya ajiye abu a kai."