Yadda Na Samo wa Wendell Wuri a Sabon Jirgi

Ranar Talata na sa mijina Wendell a jakar cefane, muka nufi tashar jirgin ƙasa. Tokarsa nake nufi. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma ya bar wasiyya in an ƙona gawarsa a zuba tokar a tafkin da ya ƙare rayuwarsa yana jefa ƙugiya bai taɓa kamo kifin kirki ba.

Tulun da tokar take ciki na tangaran ne, murfinsa ba ya kamawa sosai. Hannu biyu yake so.

Sai ga sabon jirgi yana sheƙi. Na shiga, na tarar an kwashe kusan rabin kujerun. Maƙwabciyata Loretta, wadda ta rako ni, ta ce ta ji a rediyo Masu Girma Iyayen Jirgi sun auna, sun gano mutum a tsaye bai kai na zaune cin wuri ba. Allah ya ƙara basira. Na tabbata a zaune suka yi awon.

Kun dai san jirgin safe. Kowa ya kafa ido a waya, ba mai ganin tsohuwa. Wani ya nuna min madauri a sama. In kama da wane hannun? A kwanar farko murfi ya yi ƙwas. Na ce wa Loretta in ya zube a nan, injin shara ne zai kwashe min miji.

"Riƙe shi da kyau, 'yar uwa," in ji ta. "Da ransa ma bai iya tsayawa wuri ɗaya ba."

Can na hango wurin kekuna. Fili guda, ga bango mai taushi, har da bel na ɗaurewa. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na ciro Wendell daga jaka, na jingina shi, na ɗaure shi tamau.

Mai duba tikiti ya iso, ya ce Madam, nan na kekuna ne kawai, doka ce.

"Mijina ne," na ce. "Shekara talatin yana shiga jirginku."

Ya dubi tulun, ya cire hula, ya wuce. Muka isa ko ƙwaya ba ta zube ba. Da hannuna na zuba shi a ruwa, na yi kukana.

Don haka kada a ce manya ba su yi tanadi ba. Akwai wuri a sabon jirgi. Sai dai ka zo da taya biyu, ko a kawo ka a tulu.